Kwas ɗin abincin karnuka da kyanwoyi: me zan tarar, kuma yaya zan karanta shi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na yi digirina na farko a kimiyyar kiwon dabbobi a gida, yanzu ina ƙarin karatu a wata jami'a a Amurka. Cikin kwasa-kwasan da aka ɗora mini a zangon nan akwai na abincin karnuka da kyanwoyi. Ni shanu da tumaki da kaji na sani, ban taɓa kiwon kare ba. Me zan tarar a ciki, kuma yaya zan tsara karatuna don kada in ji kunya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa albarka a karatun.

Rashin kiwon kare ba zai rage maka maki ko ɗaya ba. A gaskiya ma, a irin wannan aji waɗanda suka fi shan wahala su ne masu shigowa da ganin cewa tunda sun tashi da kare a ɗaki sun gama sanin komai. Kwas ɗin ba na son dabba ba ne, na lissafi ne da sanin yadda jiki ke sarrafa abin da aka ci. Kai kuwa ka taɓa haɗa abincin kaji a takarda, ka san furotin da kitse da toka, don haka ka riga su da tafiya mai nisa. Matsalarka a wani wuri take: wasu abubuwan da ka koya a kan shanu da kaji za su riƙa ja da kai baya, kuma sai ka sauke su da gangan.

Na farkonsu manufar ciyarwar ce kanta. A kiwon kaji tambayarka ita ce kilo nawa na abinci zai ba ka kilo ɗaya na nama, kuma a kan nawa. Kazar nama makonni shida zuwa takwas an yanka ta, ba wanda ke tunanin yadda ƙodarta za ta kasance bayan shekara goma. Kare kuwa zai iya yin shekara goma sha biyu ko fiye, kyanwa ta haura goma sha biyar, kuma sau da yawa abinci iri ɗaya suke ci kullum, safe da yamma. Ƙaramin kuskure a cikin buhu yana maimaituwa kowace rana har ya zama cuta. Saboda haka ƙiba, wadda a turken rago abin alfahari ce, a nan ciwo ce. Za a kawo muku binciken da aka wallafa a 2002 a kan karnuka 48 'yan jinsin Labrado, inda aka raba su biyu, aka rage wa rabi kashi 25 cikin ɗari na abin da 'yan uwansu ke ci. Waɗanda aka rage wa sun fi daɗewa a duniya da kusan shekara biyu, 13 a kan 11.2 a tsakaitaccen lissafi, kuma ciwon gaɓoɓi bai kama su da wuri ba. Idan ka ji malami ya ce abinci kaza ya fi kyau, ka tambayi kanka: ya fi kyau wajen me? Amsar ba za ta zama saurin girma ba.

Na biyu, ba tumbi mai ɗakuna huɗu. Ƙwayoyin halittar da ke cikin tumbin saniya suna gyara mata kurakurai da yawa: su ƙera mata bitamin na rukunin B, su mai da yuriya furotin, su narkar da harawa. Kare da kyanwa ba su da wannan gata, abin da aka zuba a kwano shi ne abin da jiki zai samu. A nan iliminka na kaji ya fi kusa da gaskiya, domin kaza ma sai an ƙirga mata amino asid ɗaya bayan ɗaya.

Sai kyanwa. Zan daɗe a kanta, domin a nan tambayoyin jarrabawa suka fi taruwa, kuma a nan ɗalibai suka fi faɗuwa saboda suna ɗaukarta ƙaramin kare. Kare mai cin nama ne da ya saba da zama da mutum har cikinsa ya karɓi hatsi. Wani bincike daga jami'ar Ufsala a Suwidin, a 2013, ya nuna cewa karnukan gida suna da kwafin ƙwayar gadon da ke ƙera sinadarin narkar da sitaci fiye da kyarkeci nesa ba kusa ba. Shi ya sa karen ƙauye ke rayuwa da ragowar tuwo. Kyanwa ba ta yi wannan tafiyar ba. Jikinta har yau na mai farautar ɓera ne, ya dogara da cewa nama zai zo, don haka ya yi watsi da wasu hanyoyin ƙera abubuwa da sauran dabbobi ke da su.

Ɗauki taurin, wani sinadari dangin amino asid da ake samu a nama. Kare yana ƙera abin da ya ishe shi daga wasu amino asid masu ɗauke da sulfa, kyanwa ba ta iya ƙera isasshe, ga shi kuma tana zubar da shi kullum ta hanyar ruwan matsarmama. A 1975 aka gano cewa rashinsa yana lalata bayan ido har kyanwa ta makance. A 1987 kuma masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke Debis suka nuna cewa wani ciwon zuciya da ke kashe kyanwoyi da yawa a lokacin, wanda zuciya ke buɗewa ta saki, daga ƙarancin taurin yake, kuma idan aka ba su shi zuciyar tana farfaɗowa. Kamfanoni suka ƙara taurin a abinci, ciwon ya ja baya ƙwarai. Arjinin, wani amino asid, ya fi wannan ban tsoro: a gwajin da aka yi a 1978, ci ɗaya na abincin da babu arjinin a cikinsa ya isa ya tara wa kyanwa amoniya a jini cikin 'yan sa'o'i, ta yi ta dalalar da miyau da amai da jijjiga. Ba ta iya mai da sinadarin karas ya zama bitamin A, sai an ba ta shi a shirye daga jikin dabba. Ba ta samun nayasin, wato bitamin B3, daga amino asid ɗin tiriftofan yadda kare ke yi. Asid ɗin arakidonik ma sai daga kitsen dabba. Hantarta kuma ba ta sassauta ƙona furotin ko da an rage mata shi a abinci, shi ya sa mafi ƙarancin furotin da aka gindaya wa babbar kyanwa a Amurka kashi 26 ne cikin ɗari na busasshen abinci, na babban kare 18. Ko zaƙi ba ta ji a harshenta, an tabbatar da haka a 2005.

Kada ka haddace waɗannan a jere. Ga kowane ɗaya ka yi wa kanka tambaya uku: wane mataki ne ya ɓace a jikin, me ya sa kakanninta ba su yi asarar komai ba da ya ɓace, kuma wace alama za a gani idan abinci ya gaza. Wanda ya fahimci dalilin zai iya amsa tambayar da bai taɓa gani ba, misali me zai faru idan an daɗe ana ba kyanwa abincin kare, ko mai ita ya ce shi ba ya cin nama don haka ita ma ba za ta ci ba. Irin waɗannan tambayoyin ne malamai ke so, domin su ne ke zuwa asibitin dabbobi da ƙafafunsu.

Yanzu lissafi, wanda shi ne ƙashin bayan kwas ɗin. Bari mu yi ɗaya tare, ka ga yadda yake.

A ce ga kare namiji da aka fiɗiye, nauyinsa kilo 16, ba ya aikin komai sai zaman gida. Ana fara neman kuzarin da jikinsa ke ƙonawa yana kwance. Ƙa'idar ita ce 70 sau nauyin jiki da aka ɗaga zuwa 0.75. Idan kalkuletarka ba ta da maɓallin ɗagawa, ka ninka nauyin da kansa sau uku, 16 sau 16 sau 16, ka samu 4,096, sai ka danna alamar √ sau biyu: 64, sannan 8. To 70 sau 8 ya ba da kilokalori 560 a rana. Karen ba kwance yake wuni ba, don haka a ninka da 1.6, adadin da aka saba farawa da shi ga fiɗiyayyen babban kare, a samu 896. Da bai fiɗiyu ba 1.8 za a sa. Kyanwa fiɗiyayya 1.2. Kwikwiyo ɗan ƙasa da wata huɗu 3. Karya mai shayar da 'ya'ya da yawa kan buƙaci ninki biyu zuwa huɗu na abin da take ci a da.

Ga buhun abinci kuma, an rubuta danshi 10, furotin 26, kitse 14, faiba 4, a ce toka 7. Ka haɗa su, 61. Abin da ya rage daga ɗari, 39, shi ake ɗauka a matsayin sitaci da danginsa, ba a auna shi kai tsaye. A abincin kare da kyanwa na kamfani ana ninka furotin da 3.5, kitse da 8.5, sitaci da 3.5, ba 4 da 9 da 4 da ka sani a abincin mutane ba, domin ba ya narkewa kamar namu. Ka samu 91 da 119 da 136.5, jimla 346.5 a kowane giram ɗari. Raba 896 da wannan ka ninka da ɗari, karenka yana buƙatar kusan giram 260 a rana. Shi ke nan. Amma ka lura da inda za a kama ka. A can nauyi da fam ake faɗa, sai ka raba da 2.2 kafin ka fara, kuma wanda ya manta da wannan zai ninka wa kare abinci ya wuce kima ba tare da ya ji komai a ransa ba. Masu karnuka kuma da kofi suke aunawa, ba da sikeli ba, kofin wani ya fi na wani cika. Sannan 896 ɗin nan mafari ne kawai. Karnuka biyu masu nauyi ɗaya za su iya bambanta sosai a buƙata, don haka amsar da ta cika ita ce wadda ta ƙare da cewa a sake auna shi bayan mako biyu zuwa huɗu a gyara. Ɗalibin da ya rubuta wannan layin na ƙarshe shi nake ba cikakken maki.

Tarko na biyu danshi ne. Gwangwani ya ce furotin 10, buhu ya ce 26, wanne ya fi? Duk shekara sai an samu masu cewa buhu. Gwangwanin nan ruwa ne kashi 78, busasshen abin da ke ciki 22 ne kacal, 10 cikin 22 kuwa ya haura kashi 45. Buhun 26 cikin 90 ne, bai kai 29 ba. Kai da ka saba kwatanta ɗanyar ciyawa da busasshiyar harawa wannan ba baƙo ba ne a wurinka, illa dai za a ƙara maka mataki ɗaya: kwatantawa a kan kilokalori dubu. Dabba don kuzari take ci, idan abinci ya yi maiƙo kaɗan za ta ci ta ƙoshi, sai sauran sinadaran su zo mata kaɗan. Buhunmu na sama yana ba da furotin giram 75 a kowace kilokalori dubu, mafi ƙarancin da aka sa wa babban kare 45 ne. Ka saba da juya lamba tsakanin waɗannan ma'aunai uku har hannunka ya riƙa yi kafin kanka ya gama tunani.

Kalmar ɗanyen furotin da ke jikin buhu ma ka san ba furotin ake aunawa ba, naitirojin ne ake ninkawa da 6.25, bisa hanyar da Keldal ya fito da ita a 1883. Na tabbata ka yi wannan a ɗakin gwaji a gida. Abin da wataƙila ba a gaya maka ba shi ne yadda aka taɓa cin amanar wannan ma'aunin. A 2007 aka shigo Amurka da garin alkama daga Sin wanda aka cakuɗa da melamin, sinadarin yin robobi da kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa naitirojin ne, don gwaji ya nuna furotin mai yawa. Melamin ya haɗu da wani ɗan uwansa a cikin ƙoda suka zama tsakuwa, karnuka da kyanwoyi masu yawa suka mutu, aka janye abinci daga kasuwa birjik. Ba malamin wannan fanni da zai gama zango bai ba da labarin nan ba.

Za ka riƙa jin sunaye uku. NRC, majalisar bincike ta Amurka, ita ta fitar da babban littafin buƙatun karnuka da kyanwoyi a 2006, can ne ilimin yake. AAFCO ƙungiyar jami'an sa ido kan abincin dabbobi ce, ita ke tsara adadin da kamfanoni ke bi da yadda za a rubuta bayani a jikin buhu, amma ba ita ke gwada abinci ko ba shi lasisi ba, sa ido aikin jihohi ne da FDA, hukumar abinci da magunguna ta Amurka, kuma ana yawan tambayar wannan bambancin. FEDIAF ƙungiyar kamfanonin abincin dabbobin gida ce ta Turai, ita ke fitar da adadin da ake bi a can. Kada ka ɓata dare wajen haddace jadawalinsu duka. Ka riƙe 'yan lambobin da ake amfani da su kullum, sauran ka san shafin da suke. Abin da ya fi muhimmanci ka iya karanta ɗan layin nan da ke bayan buhu, mai cewa abincin cikakke ne ga wane mataki na rayuwa, kuma ta wace hanya aka tabbatar: da lissafi, ko da ciyar da dabbobi. Gwajin ciyarwar ma ka san iyakarsa. Ga manyan karnuka, takwas ake farawa da su, makonni 26, shida su kai ƙarshe lafiya. Wannan zai kama babban kuskure, ba zai kama wanda ke ɗaukar shekara biyar kafin ya bayyana ba.

Rabin zango na biyu yawanci matakan rayuwa ne da cututtuka. Nan ma dalili za ka bi. Wanda ya ciyar da kwikwiyo tsokar nama zalla yana ganin gata ya yi masa, alhali nama fosfarus ne da yawa kalsiyum kaɗan, jiki kuma yana son su kusan ɗaya da ɗaya zuwa biyu da ɗaya. Sai jiki ya shiga kwasar kalsiyum daga ƙashi, ƙafafu su lanƙwashe, ƙashi ya karye a banza. Ka ce to a zuba garin ƙashi da yawa, sai ka faɗa ɗaya ramin, domin kwikwiyon manyan jinsuna ba ya iya tace yawan kalsiyum da hanjinsa ke sha, ya yi yawa gaɓoɓinsa su lalace. Kyanwar da aka saba wa hanta kullum bitamin A zai taru mata har ƙasusuwan wuyanta su manne. Ɗanyen kifi na wasu nau'o'i yana kashe tiyamin, wato bitamin B1. Kyanwa mai ƙiba da ta daina cin abinci kwanaki kaɗan kitse zai cika mata hanta, don haka ba a sa kyanwa azumin dole don ta rame. Ciwon ƙoda kuma fosfarus ake fara ragewa. Sai jerin abubuwan da ke zama guba: albasa da tafarnuwa masu fasa jajayen ƙwayoyin jini, cakulan, inabi da zabibi, da zailitol, sinadarin zaƙi na cingam. Idan ka dawo gida ka ƙara goro a jerin, domin sinadaran da ke sa cakulan ya cutar da kare suna cikinsa. Ka kuma tuna cewa ragowar miyarmu ba ta rabuwa da albasa. Afalatoksin, gubar fumfuna da ka sani a masara da ƙuli-ƙuli ma yana nan, kare ba ya jure shi, kuma ya sa an janye abincin karnuka a Amurka a 2005 da kuma ƙarshen 2020. A wannan darasin kai ne za ka koya wa 'yan ajin.

To yaya za ka karanta? Shawarata mafi girma guda ɗaya ce. A makon farko ka ƙirƙiri kare ɗaya da kyanwa ɗaya a littafinka, ka ba su nauyi da shekaru, ka je kantin da ke kusa ka ɗauki hoton bayan buhu biyu da gwangwani biyu. Duk abin da aka koyar a mako, ka sauke shi a kansu da biro da takarda. An yi darasin kuzari, ka lissafa musu. An yi na ciki da shayarwa, ka mai da karen karya mai ciki ka sake lissafi. An zo tsufa, ka ƙara wa kyanwar shekara goma ka ba ta ciwon ƙoda, ka duba ko gwangwanin da ka zaɓa mata tun farko ya dace har yanzu. Zuwa ƙarshen zango za ka ga kwas ɗin gaba ɗaya yana cikin shafuka ashirin da ka rubuta da hannunka, kuma ba ka haddace su ba, ka yi su ne. Lissafin nan kamar tuƙa tuwo yake, wanda ya tsaya kallo yakan ɗauka ya iya, sai ranar da aka miƙa masa muciya. Kallon malami yana warware misali a allo yana sa mutum jin ya gane. Ka rufe littafin ka sake shi da wasu lambobi, a nan za ka san gaskiya.

Haka ma karatun bayanai. Maimaita karanta takardun lacca da shafa musu launi yana cinye lokaci, amfaninsa kaɗan. Bayan kowace lacca, a ranar, ka ɗauki farar takarda ka rubuta abin da ka tuna ba tare da leƙawa ba, sannan ka buɗe ka ga abin da ya zube. Bayan kwana uku ka sake, bayan mako ka sake. Zai yi maka ɗaci da farko domin za ka ga ramukan da ke kanka, amma gara ka gan su a ɗakinka. Hanyoyin sinadarai, irin yadda jiki ke mai da amoniya yuriya, ka zana su da hannu ka sa alama a inda kyanwa ta bambanta. Idan ilimin sinadaran jiki ya yi maka tsatsa, makonni biyun farko ne lokacin wanke shi, kafin a shiga bitamin da ma'adinai inda gudu ke ƙaruwa.

Tsarin makin ma daban yake da wanda ka saba. A gida babbar jarrabawa ke ɗauke da kashi 60 ko 70, mutum ya yi sanyi wata uku ya zo ya kwana biyu bai runtsa ba ya tsallake. A yawancin kwasa-kwasan can makin a warwatse yake: ƙananan gwaje-gwaje kusan kowane mako, aikin gida, jarrabawar tsakiya ɗaya ko biyu, wani lokaci da aikin rukuni. Wanda ya yi wasa da makonni huɗun farko ya zubar da abin da ba zai dawo ba. Takardar tsarin kwas da za a ba ka ranar farko ka karanta ta kamar yarjejeniya, ka kwashe duk ranakun miƙa aiki ka sa a wayarka. Abin da aka saba tsammani shi ne awa biyu na karatun kanka a kan kowace awa ɗaya ta aji, wato kwas mai awa uku yana son shida a mako, kuma gara ka raba su kwana huɗu ko biyar da ka tara su ranar Lahadi.

Akwai sa'o'in da malami ke warewa yana zaune a ofis don ɗalibai. Mu mun tashi da jin nauyin malami, muna ganin zuwa ofishinsa rashin kunya ne ko neman suna. Can ba haka ake kallonsa ba, wanda bai zo ba ana ɗauka ba ya buƙata. Ka je, amma kada ka je da "ban gane ba" kawai. Ka je da takardarka ka ce ga inda na fara, ga inda lambar ta ƙi fita. Minti goma irin wannan ya fi awa uku na kai-kawo kai kaɗai. Batun kwafi kuma ba sa wasa da shi ko kaɗan: jimla ɗaya da ka ɗauko ba ka faɗi mai ita ba za ta iya kai ka gaban kwamiti. Ka tambayi malamin ƙarara abin da ya halatta game da aiki tare da abokai da kuma amfani da manhajojin da ke rubuta amsa, domin kowane malami da dokarsa.

Za ka tarar ajin yana da zafin ra'ayi fiye da ajin kaji. Wani ya rantse da ɗanyen nama, wata ta ce hatsi guba ne, wani ya ce duk kamfanonin maƙaryata ne. Yawancin wannan daga talla da intanet ya fito. Kada ka shiga rigimar da ra'ayi, ka shiga da tambaya: dabbobi nawa aka gwada, tsawon wane lokaci, da me aka kwatanta, wa ya biya kuɗin binciken. Kamfanonin abinci ne ke ɗaukar nauyin bincike da yawa a wannan fanni. Hakan bai mai da shi ƙarya ba, amma dalili ne na karanta hanyar da aka bi kafin a karanta sakamako. Misali mai kyau shi ne binciken da FDA ta buɗe a 2018 kan rahotannin ciwon zuciya a karnukan da ke cin abinci marar hatsi, wanda aka cika da wake da dangoginsa. An ga alaƙa, ba a tabbatar da sanadi ba. Ɗalibin da ya iya rubuta wannan bambancin a fili, bai ƙara gishiri ba bai rage ba, ya fahimci abin da ake son ya fahimta. Ni dai ra'ayina a kan ɗanyen nama, tunda za a tambaye ka naka: amfanin da ake faɗa ba a nuna shi da hujja mai ƙarfi ba, haɗarin ƙwayar cutar salmonela ga dabbar da yaran gidan kuwa an nuna shi.

Saura abu ɗaya da ba ka tambaya ba amma na san yana ranka. Akwai darasin da sai ka taɓa kare. Ana auna ƙiba da ma'auni mai mataki tara, 4 zuwa 5 shi ne daidai ga kare, kuma kowane mataki sama da 5 yana nufin kusan kashi goma na nauyin da ya wuce kima. Ido kaɗai ba ya bayarwa, musamman ga mai gashi. Sai ka ɗora tafukanka a haƙarƙarinsa ka shafa: idan ka ji ƙasusuwan a ƙarƙashin ɗan siririn kitse ba tare da ka danna ba, lafiya, idan sai ka nutsa yatsu kafin ka same su, ya yi ƙiba. Sannan ka duba daga sama ko ƙugu ya shiga, ka duba daga gefe ko ciki ya ɗage. Tun 2011 ƙungiyar likitocin ƙananan dabbobi ta duniya, WSAVA, ta nemi a riƙa duba abinci da yanayin jiki a duk zuwa asibiti, kamar yadda ake duba zafin jiki da bugun zuciya. A mazhabar Malikiyya da galibinmu ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, amma wannan fagen malaman addini ne, ka tambaye su don ranka ya natsu. Ta ɓangaren aiki, safar hannu da rigar ɗakin gwaji suna nan, ba wanda zai ce maka don me. Idan tsoro ne, ka gaya wa mai kula da darasin tun kafin ranar, a fara haɗa ka da tsohon kare mai sanyin hali. Ka tsaya ta gefensa, kada ka tunkare shi gaba da gaba ko ka ƙura masa ido, ka bar shi ya sansana bayan hannunka tukuna, sannan ka kai hannu haƙarƙarin.